Jirgi Na Uku

Shekara biyu ke nan Zornitsa, wani jirgin ruwan soja, tana ɗaure a bakin tasha, kyaftin ɗinta Zdravko Belchev kuwa ransa in ya yi dubu ya ɓaci.

Rukuninsu na jiragen share nakiya uku ne, kuma dokar rundunar ruwa ta ce rukunin da ya gaza uku a rushe shi, kwamandansa ya sauke tutarsa. To, da kayan gyara suka yi wuya, sai Kwamanda Tonchev ya mai da Zornitsa saniyar tatsa. Yau a kwance mata wannan a ɗaura wa 'yar'uwarta, gobe a kwance wancan. Ba a bar ta ta yi aiki ba, ba a bar ta ta mutu ba.

Wata takwas Zdravko yana bin masu kula da ma'ajiya da roƙo da kwalaben giyar rakiya kafin ya samo famfon mai. Da safen nan tsohon makanikensa, wanda ake ce wa Bai Radi, ya ɗaura shi, injin ya yi tari ya tashi. Har ƙwalla tsohon ya share.

Ko awa ba a yi ba sai ga Tonchev.

"Masunta sun ga nakiya tana yawo," in ji shi. "Famfon jirgina ya mutu. Ku kwance naku."

"Ga jirgi da rai, ranka ya daɗe! Tura ni mana!"

"Da wace na'urar hange? Da wace igiyar shara?"

"Wa ya kwashe su? Aljanu?" in ji Zdravko. "Kun ci hantarta, kun ci idonta, yau kuma zuciyar kuke so?"

"In nawa bai tashi ba saura ɗaya, kuma jirgi ɗaya ba ya fita shi kaɗai, ka sani. Minti arba'in na ba ka."

Abin haushin, gaskiya ya faɗa, kuma akwai masunta a kan ruwa. Zdravko ya fizge sifana daga hannun Bai Radi ya kwance famfon da kansa, ƙarfen da sauran ɗuminsa.

Da jiragen biyu suka ɗaga, Tonchev ya leƙo daga sama ya ƙwala masa kira.

"Belchev! Masu duba rukuni suna zuwa ran Alhamis. A shafa mata fenti, uku nake so su gani!"

Zdravko ya ƙame ya sara kamar yadda doka ta ce, haƙoransa a cije, yana jin famfonsa yana bugawa a cikin jirgin wani. Da ya juyo, Bai Radi yana tsaye da bokitin fenti.

"Ta ina za mu fara, kyaftin?"

"Ta gefen da ake gani," in ji Zdravko.