Lemo a Hannun Nokwanda

Jami'ar Birni, inda Puleng ke karatu, ba ta da filin wasa. Ko ƙofar da za a nuna a ce ga ƙofar makaranta ba ta da ita. Dogayen benaye uku ne a tsakiyar Joburg, waɗanda a da ofisoshin inshora ne, kuma in mutum zai tashi daga aji zuwa ɗakin karatu sai ya tsallaka titi, ya ratsa ta gaban masu gasa masara da mai gyaran waya. Don haka duk ranar da 'yan Birni za su karɓi baƙi a wasan zari-ruga, filin hukumar gari ake arowa, wanda ke jingine da babban titin da ya nufi kudu.

Puleng ba ta san kan wasan ba, ba kuma shi ya kawo ta ba. Ta zo ne don ganin ƙawarta Nokwanda.

Shingen waya ne kawai ya raba gidansu da na su Nokwanda a Orange Farm. Tare suka yi firamare, tare suka yi sakandare. Da sakamako ya fito Nokwanda ta samu tallafin karatu a Jami'ar Kogi, can nesa da gari, inda ɗalibai ke kwana a makaranta, su ci a makaranta, har kwalekwale suke tuƙawa da yamma. Puleng ta samu Jami'ar Birni, ta ci gaba da kwana a gadonta, tana bin tasi safe da yamma. Farkon rabuwarsu kullum sai sun yi waya. Daga baya abin ya koma saƙo, saƙon ya yi ta gajarta, hutun da ya wuce kuma Nokwanda ba ta zo gida ba. Sai shekaranjiya ta rubuto: "Ranar Juma'a muna zuwa garinku da motar 'yan kallo."

Garinku. Puleng ta karanta kalmar a cikin tasi, ta karanta a aji, ta kasa gane ko tsokana ce irin ta da, ko kuwa haka garin ya koma a bakin Nokwanda ba tare da ta lura ba. Yau take so ta sani, ko tana da ƙawa har yanzu, ko 'yar maƙwabta ce kawai ta rage.

Ta zauna tsakanin 'yan ajinsu biyu: Merveille, wadda iyayenta suka zo da ita daga Lubumbashi tana goye, da Rashaad ɗan Eldorado Park, wanda abu ba ya wuce shi bai tanka ba. Ɓangarensu bai yi kama da na makaranta ɗaya ba. Kowa da jaka a cinya. Ga mai kwat ɗin banki da ya sato jiki daga aiki, ga 'yan mata masu hijabi suna raba soyayyen dankali, ga wata mata cikin kayan asibiti, ga wani dattijo mai karatun lauya ya buɗe littafi. Waƙar makaranta ba su da ita. An taɓa kiran taro don a tsara, aka ɓata yammacin ana musun da wane yare za a rera, kafin a kai ga matsaya rabin zauren ya tashi bin layin tasi.

Ɗaya ɓangaren kuwa kore ne shar daga sama har ƙasa. Riga iri ɗaya, fenti a kumatu, ganguna, da wani dogo mai lasifika yana ba da umarni. Sun ɗaga ƙyalle mai faɗi an rubuta: SANNUNKU DA HANYA, 'YAN TASHA.

Merveille ta ce ai kuwa suna da tarbiyya, su ne baƙi amma su ke yi wa mutane sannu. Rashaad ya dube ta sama da ƙasa.

"Baiwar Allah, zagi ne fa."

"Ina zagin a nan? Ba daga hanya muke ba? Ni dai ƙafafuna sun shaida."

Sai ya zayyana mata abin da ake faɗa a kansu a can, kamar yadda wani ɗan kawunsa ya ba shi labari: wai Birni ba jami'a ba ce, ɗakin jiran mota ne aka maƙala wa allo, wai duk wanda aka ƙi a wani wuri nan yake sauka, wai ɗalibanta ko sunan juna ba su sani ba. Mai kwat ɗin banki ya juyo ya ce shi akasin haka yake ji a wurin aiki. Tsoronsu 'yan Kogi suke, suna cewa ɗan Birni ya riga ya san gari, kana tsaye kana gaisuwa zai zauna a kujerarka. Aka rasa wanne za a ɗauka, raini ko tsoro. Ita kuwa Puleng, maganar suna ce ta tsaya mata a rai. Tun bara take haɗuwa da mai kwat ɗin a matakala, ba ta san sunansa ba, ta dai san layin Tembisa yake bi.

Idonta na can cikin koren yana neman fuska guda, amma fentin ya mayar da kowa kamar 'yan gida ɗaya.

Wasa ya ɗan yi nisa 'yan Birni suka ci maki. Ɓangarensu ya yi murna kowa da irin tasa, wani tafi, wani fito, wata guɗa. Sai mai lasifika ya ɗaga hannu, 'yan Kogi suka miƙe gaba ɗaya, ganguna suka ɗauka. Rabi na tambaya, "Ina za ku, ina za ku?" rabi na amsawa da muryar masu sauri, "Gida za mu, gida za mu!" Kuma kowannensu ya ɗaga hannu yana alamar tsayar da tasi.

Duk wanda ya tashi a garin nan ya san ba da baki ake tsayar da tasi ba. Yatsa sama, cikin gari za ka. Yatsa ƙasa, nan kusa ne. Hannu yana nutso yana tasowa, Diepsloot. Yatsu a buɗe suna kallon sama kamar an riƙe lemo, Orange Farm. Su 'yan Kogi sun haɗa su duka sun zuba a lokaci guda, kowa da wadda ta zo masa.

'Yan ɓangaren Birni suka zuba wa hannuwan ido. Ba fushi ba ne, karantawa suke yi. Sai matar nan mai kayan asibiti ta miƙe tana ɗaga wa wani yaro mai jan gashi hannu, tana tambayar na kusa da ita ko da gaske ɗan Diepsloot ne, don ba ta taɓa ganinsa a layi ba. Mai kwat ɗin banki ma ya hango masu alamar Tembisa, ya mayar musu da fara'arsa.

"Ku zauna, jama'a, dariya ake muku," in ji Rashaad. Amma shi kansa dariyar ta ci ƙarfinsa, ya nuna wata da hannunta na dama ke cewa cikin gari, na hagu ke cewa nan kusa. "Waccan in ta samu mota sai an raba ta biyu."

Kafin a an jima rabin 'yan Birni sun miƙe suna mayar da alama, kowa ta unguwarsa. Wasu gaisuwa suke, wasu gyara kuskure suke, wasu kuma da ka ga fuskarsu ka san ramuwa ce. 'Yan Kogi ba su shirya wa amsa ba. Waƙar ta fara tangal-tangal, mai lasifika ya yi ta waige.

Sai ga hon daga titi. Kujerun sama na ɓangaren baƙi sun zarta katanga, direbobi kuma sun hango yatsu birjik a sama. Tasi ɗaya ta ci burki a gefe, wata ta tsaya a bayanta, wani direba ya leƙo yana tambaya da ƙarfi ko za su sauko ne ko ya wuce. Hon ya hau kan hon. Ɗan Birni kuwa in ya ji hon da yamma jikinsa ba ya jiran shawara, nan da nan aka fara rataya jaka. Alƙalin wasa ya busa usur, 'yan wasan suka tsaya suna kallon juna, ba wanda ya san laifin da aka busa wa.

Cikin wannan hargitsin Puleng ta hango Nokwanda. Tana can ƙarshen wani layi, da wani kitso da Puleng ba ta san ta da shi ba. Hannunta na dama na sama riƙe da lemon da babu shi. Sauran suna yin alamar kamar masu tarar ruwan sama, ita kuwa tana ɗan murza wuyan hannun, yadda ake yi a bakin titinsu.

Sai a lokacin abin ya faɗo wa Puleng. Yaran da suka taso iyayensu na kai su makaranta da mota, wa ya koya musu wannan? Amma ga shi na kusa da Nokwanda sun fara sauke hannu ɗaya bayan ɗaya, nata na nan a sama, kuma fuskarta nan ɓangaren take kallo. Bakinta na motsi, ko waƙar ce, ko suna take kira, tazarar ta hana a gane.

"Waccan ta san ki ne?" in ji Merveille.

"Ban sani ba."

In ta ɗaga hannu alhali dariya ce, ta shiga sahun waɗanda ake yi wa dariyar. In ta ƙi alhali kira ne, ta ƙi amsa wa Nokwanda a gaban jama'a. Hannun ya tashi ya kai ƙirji, sai ta kama igiyar jaka tana gyarawa.

An koma wasa, amma ɓangaren Birni ya riga ya fara zubewa, ga shi su ke kan gaba. 'Yan Kogi suka yi ta shewa suna nuna masu fita, kamar an tabbatar musu da abin da suka daɗe suna faɗa. Merveille ta tafi don ita ke ɗora girki a gidansu. Rashaad ya gargaɗi Puleng cewa layin Orange Farm yanzu haka ya zagaye gini, ta ce ta sani. Ta tura wa mahaifiyarta saƙo cewa za ta makara, ta zauna ita da dattijon mai littafi da wasu tsiraru har aka tashi. 'Yan Birni ne suka ci. 'Yan wasan suka zo suka yi wa kujerun da ba kowa tafi.

A gefen doguwar motar baƙi Puleng ta sami Nokwanda. Nokwanda ta rungume ta da ƙarfi, ta shiga zuba magana ba numfashi: wai Puleng ta rame, wai ina ta samo takalmin nan, ya Mme, wato mahaifiyar Puleng, ya ciwon ƙafarta. Puleng ta bari har ta gaji.

"Ke kika koya musu?"

Nokwanda ta kalli ƙasa. Ta ce wata rana ce a ɗakin cin abinci aka tambaye ta yadda ake shiga gari in ba mota, ta nuna musu, suka yi ta dariya suna cewa ta ƙara. Ranar ce karon farko da teburin gaba ɗaya ya saurare ta, har ta kwana tana jin daɗi. Bayan 'yan makonni sai ta je wurin koyon waƙa ta tarar abin ya zama rawa. Ba ta hana su ba.

"To ɗazu fa? Ni kike kira, ko dariya kike mana?"

"Da aka fara, tare da su nake, ba zan ɓoye miki ba. Sai na hango ki. Na rasa yadda zan yi da hannun, Puli. In na sauke kamar na ɓuya miki, in na bar shi kuma kamar..." Ta goge hanci. "Ke ma ai na ga kin ɗaga."

"Jaka nake gyarawa."

"Ƙarya kike, 'yar nan."

"Rabi da rabi."

Wata farar yarinya mai ganga a kafaɗa ta ƙaraso, Nokwanda ta ce sunanta Marlize, ɗakinsu ɗaya. Marlize ta kama hannun Puleng da hannu biyu. Ta ce sun zagaya makarantu da yawa, ba a taɓa mayar musu da waƙa ba sai yau, a mota ma za a sha musu a kai, don haka tana so ta ji daga bakin 'yar gida: fushi suka yi ko daɗi suka ji? Puleng ta ce ya danganta da wanda aka tambaya, ita kanta ba ta gama sani ba. Marlize ta gyaɗa kai kamar ta gane, sannan ta tambayi inda suka san juna.

Puleng ta juya. Ta zuba wa Nokwanda ido.

"Gidanmu kusan ɗaya ne," in ji Nokwanda a hankali. "A Orange Farm. Mahaifiyarta ce ke min kitso har na gama sakandare."

"Na ɗauka kin ce kudancin Joburg."

"Kudun ne ai. Can ƙarshensa."

Direbansu ya tayar da mota, Marlize ta shige da gangarta. Nokwanda ta sa ƙafa ɗaya a matakala ta juyo, ta tambaya in ta zo ƙarshen wata ko za ta same ta.

"Ina zan je?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Na sani. Ki zo tukuna."

Puleng ba ta tsaya ganin tashin motar ba. Ta rungume jaka ta nufi tasha da ɗan gudu, haushi da sanyin rai suna cakuɗe a ƙirjinta, ta kasa raba wannan da wancan. Layin ya yi tsawo kamar yadda aka ce. A can ƙarshensa ta tarar da wata da ta gani ɗazu a filin, cikin waɗanda suka fita da wuri, tana cin masara.

"Ke kin tsaya har aka tashi?" yarinyar ta tambaya. "Ya aka ƙare?"

"Mun ci," in ji Puleng, tana haki. Sannan ta shiga bayanta a layi.