Mai Yi wa Na'ura Wanka

Aikin Rafaqat a majalisar gari bai da wuyar faɗi, kunya dai gare shi. Kowace safiya zai cika tankar ruwa, ya nufi lambun da aka kafa na'urar auna iska, ya yi ta zagaye yana fesa ruwa sama har ganyayen wajen su dinga ɗiga. Ruwan ya kwantar da hayaƙin da ke kusa da ita, lambar da take nunawa a allon shataletalen gari ta sauko. Doka ce daga lardi: duk ranar da lambar ta yi ja, dole a kashe wutar gidajen gasa bulo. To masu gidajen bulon nan da manyan majalisa, roti ɗaya, wato gurasa ɗaya, suke gutsura.

Shi kuwa gidansa a gindin bututun hayaƙinsu yake. 'Yarsa Zunaira tana da asma, tunda aka fara ƙona karan shinkafa a gonaki ba ta ƙara kwanciya sosai ba, a jingine take barci.

Ran nan yana shan shayi ta ce, "Abba, allon shataletale ya ce iska da sauƙi. Me ya sa ni ban ji sauƙin ba?"

Matarsa Shagufta ta juya roti a kasko, ko kallonsa ba ta yi ba. "Tambayi ubanki, shi ke yi wa na'urar wanka. Sabulu kawai ya rage ya saya mata. Ke kuwa ki yi ta tari, ai ba ƙarfe ba ce ke."

"Haba Shagufta, da wannan wankan kike cin abinci."

"Wallahi da na san da numfashin 'yata nake ci, da na bar maka kayanka."

Maganar ta ƙona shi ƙwarai, don gaskiya ce. Ya fita bai ƙarasa shayin ba.

Ya cika tanka kamar kullum. Da ya iso ƙofar lambun, sai ga Caudari Imtiyaz, shugaban sashensu, ya toshe hanci da tsumma yana ɗaga masa hannu. Gari ya yi duhu da hayaƙi, ido har yaji yake.

"Maza, maza! Ta kusa ja. Ka jiƙa mini ita sharkaf!"

Rafaqat ya leƙo ta taga. "Caudari sahib, ranka ya daɗe, in iskar lafiya lau take, me ya kai tsumma hancinka?"

"Kai! Ni kake wa rashin kunya?"

"A'a, tambaya ce. 'Yata ce ta aiko ni da ita."

Ya san in ya ce ba zai yi ba kawai, za a sauke shi a ɗora wani, wanka ya ci gaba. Amma tanka ɗaya ce tal a majalisar. Sai ya taka mota ya wuce lambun, Caudari na binsa da gudu yana zagi, tsumman ya faɗi a titi. Bai tsaya ba sai unguwarsu. Can ya buɗe famfo, ya bi lungu-lungu yana kwantar da tokar da ta rufe ƙofofin mutane, mata na leƙowa suna mamaki, har tanka ta koma fanko. Sannan ya kashe mota, ya jefa makullin a aljihu, ya zauna a kan taya. Ko kusa bai yi nadama ba.

Kafin su gano inda yake, rana ta take. Na'urar ta bushe, ta shaƙi abin da kowa ke shaƙa, lambar ta yi ja jawur, ta tafi lardi da kanta inda hannun Caudari ba ya kaiwa.

Caudari ya iso a babur yana huci. "Ba ni makulli. Ka kori kanka da kanka, sakarai. Gobe wani zai hau motar nan."

"Ya hau. Shi ma wataƙila yana da 'ya." Rafaqat ya miƙa masa makullin.

Da la'asar ya shiga gida ba aiki, ba abin da zai ce za a ci wata mai zuwa. Ya tarar da Shagufta a saman soro ta ƙura wa bututun ido. Babu hayaƙin da ke fita, an kashe wutar gidajen bulo. Ta sauko ta ɗora masa sabon shayi.

Zunaira ta ja masa riga, a tsorace. "Abba, an ce allon ya yi ja. Iskar ta lalace ne?"

"A'a, 'yata, haka take tuntuni," in ji shi. "Yau ne dai allon ya yarda da ke."