Ganga a But Ɗin Motar Ishawu

Kan Fataw na ƙarƙashin sitiyari, ƙafafunsa na kan kujerar direba, jar waya a tsakanin haƙoransa, lokacin da ɗigon farko ya faɗo a rufin motar. Bai motsa ba. Duk faɗin unguwar Maamobi babu wurin da yake ƙauna irin wannan ɗan lungun mai warin roba da tsohon kafet. Da ya cusa kai ciki, ihun yaran trotro, motocin haya, da na masu talla sai ya ja baya can nesa, tunani kuma ya kama yawo da shi yadda ya ga dama.

Motar ta Ishawu ce, wani saurayi mai shagon wayoyin hannu a unguwar Nima. Ya ce rediyon da ta zo da motar tana magana kamar mai azumi. Ya kawo sabuwa mai gilashi, da amfilifaya, da wani ƙaton akwatin sifika da ake kira wufa, wanda da kyar suka cusa shi a but.

"Masa, in na shigo Nima ina so kowa ya ji shi a haƙori," in ji Ishawu da safe, don Masa, wato maigida, yake kiran Fataw. "Bayan la'asar ina zuwa. Ka yi shi ya buga paa!"

Fataw ya cire kan batir, ya zare tsohuwar rediyon, ya ja waya mai kauri ta ƙarƙashin kafet har but. Yanzu saura na bayan rediyo: rawaya zuwa batir, ja zuwa makulli, baƙa ta kama ƙarfen mota. Hannunsa ya san hanya ko ido a rufe. Shi ya sa hannun ke aiki a nan, shi kuwa yana can wani layi na Nima, yaro ba takalmi, yana bin bayan ubansa ranar kai amarya. Mata na juyi, mayafai na tashi, Baba Abdulsalami na gaba da ganga a rataye. In ya saukar da hannu, a ciki Fataw ke jin ta, ƙasan cibiya, har ya riƙa tsammani cikinsa ne ke kiɗan.

Ruwan ya ɓarke gaba ɗaya. Sai a lokacin ya tuna.

"Subhanallahi, Baba!"

Tsohon na nan inda ya ajiye shi tun safe, a kan benci ƙarƙashin rumfar kwano. Rumfar na yoyo daidai kafaɗarsa, amma ko gusawa bai yi ba. Haka yake tun da kunnuwansa suka tafi, ɗaya bayan ɗaya, ba sallama. Da ji ya tafi, magana ta bi shi. Mutumin da a da ba a ɗaura aure daga Nima har Maamobi sai an tambaya ko yana da sarari, yau sai a ba shi koko ya sha, a kama hannunsa ya tashi. Fataw ya tallafo shi, ya buɗe ƙofar baya, ya zaunar da shi, ya goge masa kafaɗa da gefen rigarsa.

Bai gama komawa mazauninsa ba sai ɗaya ƙofar ta buɗe. Mariatu ta faɗo kujerar gaba da leda a ka, warin albasar Kasuwar Malam Atta na biye da ita. Yayarsa ce, ita ta goya shi, kuma har yau kallon goyo take yi masa.

"Na yi magana da Kawu Musah," ta ce, tana matse bakin zani. "Ya share wa Baba ɗaki a garin Bawku. Motar Asabar. Kai kaɗai nake jira."

"Yaya, ki bari ruwa ya ɗauke mana."

"Ruwa ya hana bakinka motsi ne?"

Fataw ya ɗauki salatif ya hau naɗe wayar da ya riga ya naɗe.

"Ranar nan saura ƙiris trotro ta kwashe shi a bakin titi," in ji Mariatu. "Direba na ta hon, shi yana tafiya abinsa. Ni ina kasuwa, kai kanka na cikin mota. So kake a kira mu mu zo mu tattara shi?" Ta juyo ta dube shi. "Fataw, Baba ya riga ya tafi. Jikinsa ne kawai muke wa wanka. A can aƙalla babu titi."

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne gaskiya ta faɗa, kuma a gaban tsohon take faɗa, ba mai rage murya. Shi dai zuciyarsa ta ƙi yarda. Yana ji a jikinsa ubansa na nan ciki, ya dai rufe ƙofa ne. To amma jin jiki ba hujja ba ce a wurin mace irin Mariatu, wadda ko albasa sai ta latsa take saya. In kuwa Baba ya hau motar Asabar, Fataw ya san sai dai labari.

Gilasan motar sun yi hazo. Waje ya narke, rumfuna da mutane masu gudu duk sun zama launi-launi suna zubowa ƙasa. Ruwa na ta dukan rufi. Su uku a ciki, kamar duniya ta tafi ta bar su.

"Bari in gwada aikin mutane," ya ce, don dai ya tsere wa amsa.

Ya fita da gudu ya mayar da kan batir, ya dawo jiƙe sharkaf, ya murɗa makulli. Gilashin rediyon ya kawo shuɗin haske. Ya haɗa ta da wayarsa, ya danna abin da ya fara zuwa hannunsa, wani bidiyon biki da aka turo masa daga Nima. Ashe amfilifayar a ƙure take tun daga shago, shi kuma bai duba ba.

Dum!

Madubi ya yi rawa. Sukurori suka yi tsalle a kan dashbod. Mariatu ta toshe kunnuwa.

"Kai! Kashe, kashe! So kake mu ma mu kurumce?"

Ya miƙa hannu zai rage, idonsa ya faɗa madubi, hannun ya tsaya a iska.

Wufar na but, daidai bayan kujerar da Baba ya jingina. Tsohon ya miƙe zaune. Ya sake manna bayansa a hankali, kamar mai shiga ruwan ɗumi. Ya lumshe ido. Tafin hannunsa na dama ya sauka a kan gwiwa, ya tashi, ya sake sauka. Na hagu ya biyo shi da 'yan yatsu, yana cike tsakani.

"Yaya," Fataw ya ce, ba tare da ya juya ba. "Dubi baya."

Ta juya. Hannayenta suka sauko daga kunnuwa da kansu.

Ba wanda zai iya cewa ga tsawon lokacin da suka ɗauka a haka. Motar na numfashi da kiɗan, ruwa na gangarowa a gilashi, kan tsohon na lilo kaɗan-kaɗan. Fataw ya ji abin ƙasan cibiyarsa, daidai inda yake ji yana yaro, sai ga hawaye, bai ma san sun zo ba. Daɗi ne da tsoro a haɗe, don gani yake ko tari ya yi abin zai watse.

Can Baba ya yamutsa fuska. Ya girgiza kai. Ya buɗe baki, murya ta fito da ƙarfi, a shaƙe, irin ta wanda ba ya jin kansa.

"Basit ne wannan!"

Mariatu ta dafe ƙirji. Fataw ya duba wayar. Ga shi kuwa, Basit, wanda ya koyi kiɗa a hannun Baba, ya yi ƙiba, yana zufa a tsakiyar mata.

"Har yanzu gaggawa yake!" Baba ya daki gwiwarsa. "Na gaya masa, ka bar wa mata wurin sauke ƙafa! Ji nan. Ji! Ya cinye ɗaya. Wa zai yi rawa a kan wannan, akuya?"

Dariya ta kuɓuce wa Mariatu, ta rikiɗe kuka a hanya. "Baba," ta ce, "Baba," ta manta ba ji yake ba.

Tsohon ya buɗe ido ya kama kafaɗar Fataw, kamu na gaske, har da zafi.

"Gobe ka kawo mini shi. Nan, cikin wannan. Ya zauna kusa da ni in nuna masa inda yake ɓatawa. Kada ya je yana cewa ni na koya masa haka."

Ruwan ya tsagaita. Aka ƙwanƙwasa gilashi. Ishawu ne da lema, bakinsa har kunne.

"Cale, abokina! Tun daga bakin titi nake jin shi! Masa, ka gama ni. Kawo makulli."

Fataw ya rage sautin, ya sauke gilashi. Aiki ya kammala, ba waya ɗaya da ta rage, kuma shi mutum ne da bai iya ƙarya ba, in ya gwada ma kunnuwansa ke tona shi. Ya kalli makullin. Ya kalli madubi, inda hannun Baba ke kan gwiwa yana jiran kiɗan ya dawo.

Mariatu ta share fuska da bakin mayafi, ta leƙo ta gabansa.

"Wane makulli? Bai gama ba."

"Ah, Anti, amma yana bugawa..."

"Ni da kai wa ke zaune a ciki? Akwai wayar da ke warin ƙuna, tun ɗazu nake ji. So kake ta kama wuta da kai a tsakiyar Nima?" Ta gyara zama. "Ka dawo jibi."

"Jibi? Ba gobe ba?"

"Asabar ma, in kana son aiki mai kyau."

Ishawu ya tafi yana gunaguni, yana tsallake kwata. Mariatu ba ta kalli ƙanenta ba. Ta ja gilashin sama da kanta, ta jingina, ta rufe ido.

"Ƙara masa," ta ce.