Kokon 'Yan Gudu a Ƙofar Inoussa

Shekara goma sha ɗaya, in sanyi ya shigo, Sauda ba ta buƙatar agogo. Da an sallame sallar asuba a unguwar Albarika ta garin Parakou sai ta ji takalma bisa kwalta, daf-daf-daf, can a bayansu kuma usur ɗin mijinta Inoussa, sau biyu. Ma'anarsa, mun tafi, ɗora ruwan koko.

'Yan gudun su bakwai ne, wata rana takwas, babu ɗan wasa ko ɗaya a cikinsu. Akwai Gaji, tsohon direban tirela da likita ya ce wa ko ya rage tumbi ko ya yi wasiyya. Akwai Rahinatou ma'aikaciyar asibiti, da Zulkifli mai gyaran babura, wanda ke gudu da hular sanyi biyu. Sukan bi hanyar Djougou har wata tsamiya, su juyo. Inoussa kullum shi ne a baya, don kada a bar kowa a hanya. In sun dawo, jiki na tururi, yatsu sun sandare, sai su jeru a bencin ƙofarta kowa ya rungumi kofinsa.

"Uwargida, citta kika sa ko garwashi?" Gaji kan ce.

"Ajiye, in ya fi ƙarfinka."

Bai taɓa ajiyewa ba.

Inoussa ya rasu tsakiyar damina, zazzaɓin kwana uku. 'Yan gudun sun zo gaisuwa, sun yi kuka kamar 'yan uwa. Daga nan ba ta ƙara jin takalmansu ba. Ta gama takaba, sanyi ya shigo, shiru.

Sai wanta Hachimou ya zo daga Djougou.

"Wa ya rage miki a Parakou? Ko abokan nasa sun leƙo ki? Haɗa kaya, ranar Juma'a zan zo da mota."

Ba ta yi masa musu ba. A ranta ta ce za ta gwada kwana uku. In ba su zo ba, to an manta da Inoussa a garin nan, ita ma ba ta da zama.

Ta dama koko ranar farko, ya huce a tukunya. Rana ta biyu ta raba wa maƙwabta. Rana ta uku ta juye shi a filas, ta ciro usur daga aljihun rigar marigayin, ta yafa zane biyu, ta taka har bakin hanyar Djougou. Haƙoranta na haɗuwa don sanyi.

Sai ga su sun fito ta wani lungu bayan kasuwa, hanyar da ba su taɓa bi ba. Har sun wuce ta. Ta sa usur a baki ta busa sau biyu.

Duk suka tsaya cak. Rahinatou ta dafe ƙirji ta fashe da kuka.

"Tanti Sauda! Wallahi na zata shi ne."

"Kun manta ƙofar ne, ko kokon ne ya ishe ku?"

Gaji ya cire hula yana haki.

"Uwargida, laifina ne. Ni na ce a sauya hanya. Na ce kada ki riƙa jin takalma babu usur a bayansu."

"Sai kuka bar ni ba usur, ba takalma? Kai Gaji, wannan wayon a tirela ka koyo shi?"

"Pardon, Tanti," in ji Zulkifli. "Kilomita biyu muke ƙarawa kullum don mu kauce wa layinki. Ba ki ga tumbin Baba Gaji ya zube ba?"

Ta yi dariya, hawaye na bin kumatunta. Rabon ta da dariya tun damina. Ta miƙa wa Gaji usur ɗin.

"Riƙe. Dama kai ne a baya, ko ka so ko ka ƙi."

Ranar Juma'a da sassafe Hachimou ya tsaya da motarsa. Ya tarar benci cike da mutane masu gumi cikin sanyi, babu akwati ko ɗaya a waje. Sauda ta zuba masa koko.

"Yaya, sha ka ji ɗumi. Ka gaida mutanen gida. Ni ina da aiki a nan."

Washegari Gaji ya busa sau uku, cikin haki. Ta leƙo ta taga.

"Sau biyu yake yi!" ta ce, sannan ta juya ta hura wuta.