Ƙafar Mu'azu a Ƙofar Asibiti

Ranar da mai shela ya zagaya Kuyello yana cewa an sassauta dokar kulle, kasuwa za ta ci, asibitin sha-ka-tafi kuma zai buɗe ranar Litinin, kowa da abin da ya yi wa murna. Masu shaguna suka hau karkaɗe ƙura, masu shayi suka fito da bencinansu. Ni Juwairiyya ko ta kan ƙuli-ƙulin da nake sayarwa ban bi ba. Ƙafar ƙanena Mu'azu ce kaɗai a raina.

Mu'azu manomi ne a Gwaska, ƙato, irin wanda ke ɗaga buhun masara ba sai an kama masa ba. Ɓarayin daji suka ɗauke shi a gona tare da wasu, ana dab da kulle gari. Da Allah ya kuɓutar da shi, aka kawo mini shi a bayan babur, ya rame, ga miki a idon sawunsa na hagu inda sarƙa ta ci. Matarsa da yara kulle ya rutsa da su a cikin Birnin Gwari, wurin iyayenta. Abin da ya faru a daji kuwa, ko kalma ɗaya. In na tambaya sai ya ce, "Yaya, ai ya wuce," ya juya fuskarsa bango.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Aka rufe asibitin namu saboda wani ma'aikaci ya kwanta ana zargin korona ce, sauran aka ce su zauna gida. Motar haya babu, hanyar gari kuma ba ta biyuwa sai da rakiya. Na wanke mikin da ruwan gishiri, na sa zuma, na barbaɗa duk garin da aka ce mini yana yi. Miki sai ƙara faɗi yake. Da damina ta kankama ya fara wari, har ƙuda suka san hanyar ɗakin. Munzali mai kemis ya leƙa, ya ja ni gefe ya ce, "Inna, wannan ya fi ƙarfina. In ba a kankare shi a asibiti ba, yanke ƙafar nan za a yi." Na ji tsoro ƙwarai. Manomin da aka yanke wa ƙafa, da me zai ci da iyali?

Litinin da sassafe na sa shi gaba, yana dogara sanda. Asibitin da na sani ya sauya. A bakin ƙofa an ajiye bokiti mai famfo da sabulu. An zana da'irori da farar ƙasa a jere, kowa ya tsaya cikin tasa, nesa da na gabansa. Kowa da takunkumi, babu musabaha, babu surutun da aka saba. Mutanen Kuyello da ko a gidan makoki ba sa iya shiru, ga su tsit a layi.

A ƙarshen layin Sista Beatrice ce tsaye. 'Yar kudancin Kaduna ce, ta daɗe a garin nan, rabin yaran unguwarmu ita ta karɓi haihuwarsu. Amma ranar ko ni da tafiyarta na gane ta, don idanunta kawai ake gani. A hannunta akwai abin auna zafin jiki, fari, mai mariƙi da kunama kamar ƙaramar bindiga. Duk wanda ya iso sai ta saita masa shi a goshi ta danna, ya yi ƙara, ta ce ya wuce.

Muna cikin layi na ji numfashin Mu'azu ya sauya. Kafin in waiwaya har ya juya. Mutumin da muka sha fama kafin ya iso, ga shi yana ɗingishi da sauri kamar an biyo shi. Ban cim masa ba sai a zaure.

Ni ba ni da haƙuri, kowa ya sani. Na buɗe masa wuta. "Kai, ƙato da kai! Tsofaffi sun tsaya, masu goyo sun tsaya, sai kai ne za ka guji abin roba? Allura kake tsoro ko me? To zauna. In an guntule ta, ni ba zan iya ɗaukar ka zuwa banɗaki ba."

Bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Yaya, ki bar ni."

"Ba zan bar ka ba. Ka zaɓa, ko ƙofar can ko ƙafar nan."

Ranar bai taɓa tuwon da na kai masa ba. Washegari, ina tsakar gida ina hura wuta, sai ga shi ya fito da sandarsa, ya ɗaura takunkumin da kansa. Ya ce, "Mu je."

An yi ruwa da asuba, filin asibitin duk taɓo, an sake zana da'irorin. Ya wanke hannu. Ya bi layi tiryan-tiryan, ni ina bayansa ina kallon yadda rigarsa ke jiƙewa da gumi. Da na gabansa ya wuce, Sista Beatrice ta ɗaga abin nan ta nufi goshinsa.

Sai ya saki sandar. Ya durƙusa cikin taɓo a kan ƙafar mai ciwo, ya harɗe hannuwansa a ƙeya, ya sunkuyar da kai, ya fara kalmar shahada da ƙarfi.

Wani a baya ya yi dariya, dariyar ta tsaya masa a wuya. Wata tsohuwa ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." A garin nan babu wanda sai an yi wa bayanin irin wannan durƙuson. Ni kuwa na tsaya kamar an dasa ni. Ɗan'uwana da muka sha nono ɗaya, ina kwana gida ɗaya da shi, sai a gaban jama'a na ga abin da ya ɓoye mini. Zuciyata ta karye.

Sista Beatrice ta sauke hannunta da sauri, ta ɓoye abin a bayanta. Ta ce, "Baba, yi haƙuri, tashi. Ba sai a kai ba. Miƙo hannunka kawai."

Da kyar ya zare hannu ɗaya daga ƙeya. Ta auna a wuyan hannun. Abin ya yi ƙara sau da yawa, ya nuna ja. Ta dube ni ta ce, "Mama, jikinsa da zafi. Na san ciwon ƙafar ne, amma doka ta ce mai zazzaɓi ba ya shiga cikin mutane. Akwai benci can ƙarƙashin mangwaro." Ta juya gare shi. "Baba, zo gefe."

Mu'azu ya ɗago ya dube ta. Muryarsa ba ta rawa, shi ya fi ba ni tsoro. Ya ce, "Solomon ma haka suka ce masa. Maƙwabcin gonata ne, shi ne a gabana. Sun jera mu, fuskokinsu a rufe, suna bi ɗaya bayan ɗaya suna ɗora mana bindiga a goshi. Suka ce masa zo gefe. Muna ji suka harbe shi."

Babu wanda ya motsa a layin. Sista Beatrice ta ajiye abin a kan tebur. Ta ja da baya sosai, har ta wuce iyakar da'irorin, sannan ta sauke takunkuminta zuwa haɓa. Fuskarta ta fito, da tsagar da ke kuncinta, da hawaye.

"Dube ni da kyau, Baba. Ni ce Beatrice. Ƙafarka zan wanke. Gefen nan, ni da yayarka za mu je tare da kai, kuma tare za mu dawo."

Ya daɗe yana kallon ta. Ta mayar da takunkumin. Na kama shi ta hammata, wani dattijo ya miƙo sandar daga nesa, muka taka zuwa gindin mangwaro.

Ta fito da tiren kayan aiki, ta sa safar hannu. Da ta warware tsumman da na ɗaure, sai ta harare ni. "Mama, wane irin gari ne wannan? Miya kike kaɗawa?" Ta fi ni gaskiya. Ta kankare ruɓaɓɓen naman har jini mai kyau ya fito. Mu'azu ya damƙe bakin benci. Ta yi masa allura, ta naɗe ƙafar da farin bandeji.

Na ce, "Sista, faɗa mini gaskiya."

"Bai kai ƙashi ba tukuna, saura kaɗan. Ƙafar za ta tsaya, in yana zuwa kullum ana wankewa. In ya tsallake, sai Kaduna, kuma can yankewa za su yi." Ta tsuguna daidai fuskarsa. "Amma Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. Layin nan yana nan gobe. Takunkumi ba zan cire ba, awo kuma dole ne, har sai cutar nan ta wuce. Za ka zo?"

Ya dubi ƙofar, inda mutane ke tsaye cikin da'irorinsu suna jira. Na so in amsa a madadinsa, amma na kame bakina.

Can ya ce, "Zan zo. Alfarma ɗaya nake roƙo. In na iso gabanki, ki fara kiran sunana kafin ki ɗaga hannu."

"To. Yaya sunan?"

"Mu'azu," in ji shi. "A can babu wanda ya tambaya."