Eloy a Jirgin Ƙarfe Takwas

Shekara talatin da ɗaya Eloy Archuleta ya yi yana jan ayarin alfadarai, ya sauka da baƙi cikin kwazazzabon Grand Canyon na Amurka har bakin kogi, washegari ya hauro da su. Da ƙugunsa ya gaji, likitoci suka sa masa na ƙarfe, suka ce shi da sirdi kuma sai kallo. Tun daga nan ya tare a barandar gidansa da ke garin Williams, yana shan kofi yana musu da rediyo.

Autarsa Noemi kuwa sama ta zaɓa. A bazarar nan ta samu aikin tuƙa ƙaramin jirgi mai kujera tara, wanda ke zagayawa da masu yawon buɗe ido ta saman kwazazzabon. Sau uku tana gaya masa ana ba iyayen ma'aikata kujera kyauta, sau uku yana ƙi.

"Jiragen nan naku masu kama da ƙudaje? Wanda bai shaƙi ƙurar wurin ba, ai bai gan shi ba."

Wata Lahadi ta zo cin abincin rana, ba ta ko ɗauko zancen ba. Da aka kwashe kwanonin wake, sai ta shimfiɗa taswirar aikinta a tebur, ta danne gefe da kwalbar yaji.

"Baba, jiya na ji kunya. Wata mata ta nuna mini wani kore-kore a jikin dutse, wai mene ne. Na ce mata ciyawa ce."

"Ciyawa. A ina?"

Ta ɗora yatsa can yamma. Eloy ya lalubo tabarau, ya sunkuya. Ya san yankin, domin yana saurayi ya sha kai wa masu gyaran hanya kaya a can.

"Idon ruwa biyu ne a nan. Dutsen da ke samansa ja ne ko fari?"

"Ja. Ko dai fari-fari? Tuƙi fa nake yi, Baba."

"Duk karatun nan, ja da fari ya gagare ki. Wannan sai na gani da idona."

Matarsa Delfina, da ke wanke kwanoni, ta juyo tana share hannu.

"Da bakinka ka faɗa, tsoho. Ni ce shaida."

Ya gane tarko aka ɗana masa, uwa da 'ya. Ya so ya yi fushi, amma taswirar ta riga ta kama shi. Ya ja kujera kusa.

Shi da yamma ya so a tashi, lokacin da duwatsu ke yin ja. Noemi ta ce a'a, jirgin ƙarfe takwas na safe za su bi, kafin zafi ya taso daga ƙasa ya riƙa jijjiga su. Ya ce to lallai ta bi ta saman hanyar alfadaransa. Ta nuna masa layukan da aka ja a taswirar: tsakiyar kwazazzabon a rufe take ga jiragensu, hanya biyu kawai doka ta bar musu, a shiga ta gabas a dawo ta yamma.

"Ku ne fa kuka yi ta kai ƙara a kan hayaniyar jirage," in ji ta.

"Ashe an ji mu." Abin ya yi masa daɗi fiye da yadda ya nuna.

"Kusa da ni za ka zauna, a dama. Kuma za a auna ka."

"Ni?"

Dubban baƙi ya ɗora a sikeli kafin su hau alfadari, ya mayar da manyan mutane gida saboda tumbi. Delfina ta ce alhaki ne ya biyo shi.

Ranar Laraba ya hau sikelin da hularsa a ka, ya ce nauyin ƙarfen likita ne. Noemi ta taimaka masa ya shiga, ta sa masa abin magana a kunne. A bayansu akwai baƙi bakwai.

Da farko daji ne kawai shimfiɗe a ƙasa. Sai kawai ƙasar ta ƙare. Ya damƙi gefen kujera, bai saki ba sai da ya ga hannun 'yarsa a kan sitiyari ko rawa ba ya yi. Ya daure ya leƙa. Can ƙasa wani kogi mai launin shuɗi-shuɗi kamar an zuba masa madara yana shiga cikin babban kogin, suna tafiya tare ba su gauraya ba. Ya sha jin labarin wurin, bai taɓa ganinsa ba. Daga nan suka juyo yamma.

"Ga kore-koren can, Baba."

"Fari ne, ke! Idon ruwan sama ne. Ruwan daga rufin dutse yake ɗigowa, sai ka tara hula. Mun taɓa yini a nan da wata alfadara mai taurin kai, ta sha, ta ƙi tashi."

Wata murya ta shigo masa kunne daga baya: "Yaya kuka yi da ita, yallaɓai?"

Sai a lokacin ya san kowa na jin sa. Ya harari Noemi, ita kuwa ta kafe ido a gabanta tana danne dariya. Ya gyara murya ya ba su labarin, daga shi ya shiga wani, har tayoyi suka taɓa ƙasa.

A mota suna komawa gida, ƙafarsa ta yi tsami, ya miƙe ta yana matsawa.

"To, yaya ka gani?" in ji Noemi.

"Yamma na sani. Gabashin nan kuwa ashe ban san komai ba, ke ma haka. Kina ta wuce wurare ba sunansu a bakinki." Ya juyo ya dube ta. "Akwai wani Tsosie a garin Cameron, tare muka yi aiki, kakanninsa a gefen nan suka yi kiwo. In yana nan da rai, ranar hutunki sai mu je da taswirar. Ki tuna mini mu saya masa kofi, mai ƙarfi yake sha."