Cakulkulin Wasila a Wajen Awo

A yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba. Amma na kasa riƙe wannan.

Cikin Wasila, matar Labbo ta Bungudu, ya yi girman da ya sa Inna Lantana, ƙanwar uwarta, ta saka ta a mota sai Gusau wajen awo.

Sista Hanatu ta auna da tef, ta yamutsa fuska. Ta ce ko ruwan da ɗa ke kwance ciki ne ya yi yawa. In haka ne, sai babban asibiti can nesa, inda aka kawo sabon injin leƙa ciki, a ga yawan ruwan, a soka doguwar allura a zuƙo kaɗan.

Allura! Wasila da ko ta lamba sai da aka danne ta.

"Tsaya tukuna, mu gwada da hannu," in ji Sista. "Inna ta kafa gefen hannunta a tsakiyar cikin, ni in ɗalla nan, in saurara can. In ruwa ya yi yawa, zan ji ya bugo mini tafin hannu."

Inna na taɓa ta, Wasila ta fashe da dariya, ciki ya hau girgiza kamar ƙwaryar nono a kan jaki.

"Ke ɗiyar nan, mi na yi miki?"

"Inna, cakulkuli!"

Aka sake, ta sake. Inna ta ba ta ruwa ta guntse, wai bakin ya rufu. Sista na ɗallawa, Wasila ta fesa mata shi a farar riga.

"To, ga ruwa na gani," Sista ta ce tana sharewa, "amma ba shi nake nema ba. In gwajin nan bai yiwu ba, allura ce fa."

Dariya ta koma hawaye. Sista ta dube ta, ta ture hannun Inna, ta kafa na Wasila a wurin.

"Danna da kanki. Mutum ba ya yi wa kansa cakulkuli."

Wasila ta danna, ta rintse ido. Tas! Shiru. Tas! Sista ta lallatsa ko'ina, ta miƙe.

"Ruwa daidai. Ɗan ne ƙato."

"Uban ya biyo," in ji Inna.

Wasila ta saki dariyar da ta rage.

Ni kuwa bari in ajiye alƙalami in sulale, kafin ta ji na faɗa.